Hular Kwanon Da Ummi Ta Saya Tana Rufe Masa Ido

Goggo Jawahir, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye. Kaina ya ɗaure, kuma a gidanmu ba ni da wanda zan faɗa wa.

A unguwar Rusaifa muke a Makka, nan aka haife mu, ni da ƙanena Abdulilah. Mu biyu ke nan Allah ya bar wa mahaifiyarmu, Ummi. Abdulilah ya samu tallafin karatu ya tafi Kanada yana koyon aikin injiniya, yanzu kuma an tura shi horon aiki can ƙuryar arewa, wani daji da ko a taswirar waya sai da na sha wahala kafin na gano shi. Aikinsu duba na'urorin da aka kakkafa a bakin koguna da tafkuna. Idan sanyi ya kama, mota ba ta shiga wurin, sai wani abu mai kama da babur amma ba taya, gabansa sanduna biyu masu sulɓi, bayansa bel irin na katafila, a kan dusar ƙanƙara yake gudu. Ranar da ya turo hotonsa a kai yana washe baki, Ummi ba ta ci abinci ba.

Sai na gaya miki dalili. Babanmu a kan babur ya rasu, yana dawowa daga kantinsa a Misfala, ba komai a kansa sai shimag, wannan jan mayafin da maza ke yafawa. Wani likita ya ce da akwai hular kwano da wataƙila abin bai kai haka ba. Kwana ne ya ƙare, mun sani, amma Ummi ta haɗiye wannan maganar, har yau tana nan a ƙirjinta.

To, matar da ko Harami sai a keken turawa muke kai ta saboda gwiwa, ita ce ta zura abaya ta ce in kai ta titin Mansur. Kanti-kanti muka bi. Tana ɗaga hulunan kwano tana jinjinawa, tana ƙwanƙwasa su da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Daga ƙarshe ta ɗauki wadda ta fi kowace nauyi, baƙa wuluk, gilashinta ma baƙi, don mai kantin ya ce rana ba za ta taɓa shigar masa ido ba. Mu mutanen Makka me muka sani da ya wuce rana? Ni ma da nake tsaye ban ga aibunta ba.

Da muka dawo gida ta shafe ta da Zamzam ciki da waje, ta turara ta, ta naɗe ta a shimag ɗin Baba, aka aika. Da ta isa hannunsa ta kira shi, ina zaune ina ji. Ta ce masa ba ta yafe ba idan ya taɓa hawa abin nan ba da wannan hular ba, shimag ɗin kuma ya riƙa naɗe baki da hanci da shi saboda sanyi. Ya ce ya ji, ya ɗauka. Goggo, ba ki san Abdulilah ba. Yaron nan ko yana ƙarami idan Ummi ta ce zauna nan, sai ta dawo daga kasuwa ta same shi a wurin.

Da farko lafiya lau. Sai ya daina kiran da ake ganin fuska, kullum wai sabis ba kyau. Rannan na matsa masa har ya kunna, sai na ga kumatunsa. Wani tabo ne baƙi, fatar tana saɓulewa kamar an ɗora masa dutsen guga. Sai da ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Ummi ba, sannan ya buɗe baki.

Ya ce da ya tashi injin ya ɗan yi tafiya, numfashinsa yake hawa gilashin ya yi fari fat, kamar murfin tukunya. Kafin ya ankara tururin ya daskare daga ciki. Idan ya sa safar hannu ya goge, sai abin ya ƙara dagulewa. Ga gilashin baƙi, a ƙasar da rana ke leƙowa kawai ta koma, don haka ko da tsakar rana shi a magariba yake tafiya. Shimag ɗin kuma yakan jiƙe da numfashi ya sandare. Zaɓinsa biyu ne: ya rufe gilashi ya yi tafiya bai ga gabansa ba, ko ya ɗaga iska ta ci masa fuska. Wannan tabon na ɗagawar ne.

Na ce ba su ba ka tasu hular ba? Wai sun ba shi. Ita yake sawa idan shugabansu yana kallo, da sun shiga daji sai ya tsaya a bayan itatuwa ya canza zuwa ta Ummi. Wallahi da ta waya ake mari da ya sha shi.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne na makon jiya. Suna tafe shi da abokin aikinsa, yana bin jar fitilar bayan injin abokin, sai gilashi ya rufe, fitilar ta ɓace. Maimakon ya tsaya, sai ya ci gaba da kintace. Can sai injin ya cije a tudun ƙanƙara ya mutu. Da ya ɗaga gilashin, baƙin ruwa ne a gabansa yana gudu, wurin da kogin bai daskare ba, ya ce da ya miƙa ƙafa da ya taɓa. Ba ma ta nan hanyar take ba.

Yana ba ni labarin yana dariya, Goggo. Wai in duba, albarkar hular Ummi ce ta tsayar da injin. Wannan dariyar ita ta fi ruwan ba ni tsoro, don yanzu ya ƙara riƙe hular da hannu biyu. Kuma ya ce abokin nasa zai tafi hutu kwanan nan, shi za a bar wa zagayen tafkin da ya fi nisa.

Ita kuwa Ummi, tun da aka aika hular nan take barci. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata hotonsa da ita. Duk kira, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta tambayi hula. Tana da ciwon zuciya, likita ya ce mu kiyaye mata tashin hankali. Ta yaya zan dube ta in ce abin da ta saya da ƙafarta mai ciwo shi ke neman halaka mata ɗa?

Na shiga intanet na ga huluna iri-iri, wasu gilashi biyu, wasu har da igiyar wuta, ban gane komai ba. Har na yi tunanin in sayi wata baƙa mai kama da ita in aika, amma shi ba zai yarda ba, zai ce ba wadda Ummi ta taɓa ba ce. Wace iri ce ba ta yin tururi? Kuma ko na same ta, yaya zan yi in ɗora masa ita a ka?

Yayar Abdulilah, daga Rusaifa

*

'Yata, na karanta, kuma ni ma hankalina bai kwanta ba. Don haka ba zan tsaya lallashi ba.

Ni dusar ƙanƙara a waya kawai na san ta, shi ya sa na kira Marwan, ɗan ƙanwata, wanda ya yi shekaru a irin wannan ƙasar yana hawan irin wannan abin. Ban gama karanta masa ba ya katse ni. Ya ce hular babur ta ƙasar zafi ba ta wurin ba ce sam, kuma ba goge-goge ko shafe-shafen da zai gyara ta.

Ga abin da ya ce a nema. Gilashin ya zama mai ninki biyu da iska a tsakani, domin na ciki kada ya yi sanyin da numfashi zai kwanta a kansa. Ta zama da wata 'yar roba mai rufe hanci da baki, wadda ke karkatar da numfashi ƙasa. Ta zama da ƙofofin iska da ake buɗewa da rufewa. Ga mai tafiya mai nisa a tsananin sanyi kuwa, ya ce ba abin da ya kai mai igiyar da ake jonawa a jikin injin, tana ɗumama gilashin. Gilashin ya zama garau, ko mai ɗan ruwan ɗorawa, ba baƙi ba. A duba tana da tambarin gwajin inganci. A can za a saya, ba a Mansur ba, kuma ya sa a kansa ya ji ta kama shi daram. A ƙarƙashinta siririyar hular fuska ake sawa wadda ba ta riƙe danshi, domin auduga tana jiƙewa ta tura tururin sama. Ya ƙara da cewa ko da hula mafi kyau, idan gani ya ɗauke, tsayawa ake yi nan take. Mai yiwuwa ma wadda kamfanin ya ba shi duk tana da waɗannan, yana yawo da ita a bayan injin.

Wannan shi ne mai sauƙin. Yanzu ga mai wuyar.

Ummi ba ta yi laifi ba. Mace ce da ta binne miji, ta tashi ta kare ɗanta da iya abin da ta sani. Abdulilah ma ina ganin kyawun zuciyarsa, samari nawa ne za su riƙe maganar uwa a dajin da ba mai ganinsu? Amma ki gaya masa in ji ni, wannan da yake yi ba biyayya ba ce, ganganci ne. Ummi kansa take so ya tsira, ba hula take kiwo ba. Ga shi yana yaudarar shugabansa, yana jefa abokin tafiyarsa a haɗari, don duk wanda ya faɗa ruwa sai wani ya bi shi cetowa. Allah ya tsayar da injin nan sau ɗaya. Ba wanda ya yi masa alkawarin na biyu.

Yau ɗin nan ki kira shi. Ya sa ta kamfani tun daga hawa na gaba, ya nuna wa likita kumatun nan, ya kuma faɗa wa shugabansa abin da ya faru a bakin kogin kafin a tura shi tafki shi kaɗai. Idan zuciyarsa ta ƙi natsuwa a kan furucin Ummi, ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Sannan ki sanar da shi kin janye alkawarin da kika yi masa. Ba a riƙe sirrin da rai ke ciki.

Batun sayen mai kama da ita kuwa, ki cire shi daga ranki. Ummi ce ta ɗaure, ita za ta kwance. Ki zaɓi lokacin da ta sha maganinta ta huta, ki kira 'yar uwarta ko aminiyar da take jin maganarta ta zauna kusa. Ba sai kin kawo zancen baƙin ruwa ba. Ki sa kofin gilashi a firiza, ki fito da shi, ki ce ta hura masa iska ta gwada hango ki ta cikinsa. Ki ce abin da ɗanta ke gani ke nan. Daga nan ki miƙa mata aikin: ya shiga kanti a can ya kira ku tana gani, ita ta nuna wadda za a ɗauka cikin waɗanda suka dace, ta sa mata albarka da bakinta. Zamzam a aika masa ya sha, kada a jiƙa cikin hula. Shimag ɗin mahaifinsa ya ajiye shi a ɗaki yana yafawa idan zai yi salla.

Na san kina jin tsoron zuciyarta, kuma tsoron naki yana kan hanya. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke kwana biyu. Amma ki auna da ɗaya ɓangaren. Idan kika yi shiru aka kira ku daga can, ba rashin ɗa kaɗai za ta ɗauka ba. Za ta ji cewa da hannunta ta zaɓi abin da ya rufe masa ido, ta ɗaure shi da bakinta, kuma ke kin sani kina zuba mata shayi kullum ba ki faɗa ba. Wannan ne zuciyarta ba za ta iya ba.

Kada ki jira gobe, kada ki jira ya sake kira. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya wa Ummi, ya dawo muku da Abdulilah yana takawa da ƙafafunsa.

Goggo Jawahir