Kifin da na mayar ruwa

Asabar da dare, watan Yuli, Rillieux

Tun da asuba patron ɗina, wato mai gidana a wurin aiki, Muse Bernard, ya kwashe ni zuwa wani rafi cikin duwatsu, wai kamun truite, wani kifin ƙasar nan ta Turawa. Ban iya cewa a'a ba, tunda kwantiragina a hannunsa yake kuma Satumba zai ƙare.

Zafi ya sa ruwa ya janye, kifayen duk sun ɓuya. Kuma ba a sa tana a ƙugiya, wai ƙudan ƙarya na gashin kaza ake ɗaurawa, a yi ta kaɗa igiya kamar mai korar shanu. Sau biyu na kamo reshe, sau ɗaya hular Bernard.

Wajen la'asar, ina tunanin inda zan yi salla, sai kifi ya cafke nawa. Ƙato, wallahi! Shi kuwa mai gidan, da ya tsufa a wannan harka, ko ɗaya bai samu ba. Na yi bisimilla, na ɗauki dutse zan ƙwala wa kifin a ka, sai Bernard ya ƙwalla ihu: “Non, Issoufou! Mayar da shi!” Ashe nan ba a ci, gaisawa kawai ake yi da su. Na kalli kifi, kifi ya kalle ni, na sake shi.

Da na dawo gida, na tarar matata Rakiya har ta yanka albasa ta ɗora mai. Na nuna mata hoton kifin a portable, wato wayata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Sannu da aiki, Malam. In soya maka hoton ne, ko da miya kake so?”