Saƙon Da Na Kai Maka a Majema

Zuwa ga Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka, in Allah ya ba ka su, don ko wannan ban sani ba. Ina fata mahaifinka Malam Idi yana nan cikin ƙoshin lafiya. In kuwa ya riga mu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Bashir ne, na gidan Malam Yahuza. Ba ni da lambarka, na tambayi waɗanda zan iya tambaya, wani ya ce kana Legas, wani ya ce kana koyarwa a Dutse. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wanda ya san inda kake ya miƙa maka.

Wata biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na tashi aiki sai in sauka daga bas tun a Ardwick, in taka da ƙafa har unguwarmu Longsight, in na iso ƙofar gida kuma in wuce in sake zagaye layin. Matata ta ce in je in ga GP, wato likitan unguwa. Na san abin da ke damuna, kuma ba abin da GP zai yi a kai. Wani ɗaurin aure na je a Birmingham, tun ranar nake tare da kai.

A ɗakin magani na wani asibiti nake aiki a nan Manchester, kuma akwai abokin aikina Manjit. Mabiyin addinin Sikh ne, mutanen nan 'yan asalin Indiya masu rawani da gemu, kodayake shi a Birmingham aka haife shi kuma ba ya naɗi. Ranar Juma'a shi ke riƙe mini wurina har in dawo daga masallaci, bai taɓa nuna gajiya ba. Wata rana ya kai ni gurdwara, wato wurin ibadarsu. Na cire takalmi, na rufe kaina, aka zaunar da mu a ƙasa layi-layi, likita kusa da direban tasi, ana zuba wa kowa miyar wake da gurasa daga tukunya ɗaya. Ya ce da ni, "Don kada wani ya ce ya fi wani aka kafa wannan girkin." Ya ce har sunaye aka gyara musu, kowane namiji Singh, kowace mace Kaur, don kada suna ya tona asalin mutum. Abin ya burge ni ƙwarai. Sahun salla ya tuna mini.

Akwai yarinyar da yake so, Simran, malamar firamare ce a Levenshulme. Da ya fara zuwa gidansu a Birmingham, mahaifinta ya karɓe shi hannu bibbiyu, suka ci abinci tare, suka kalli wasan kurket. A zuwa na uku ne tsohon ya tambaye shi sunan ƙauyen kakansa a Punjab, da gurdwarar da iyayensa ke zuwa. Ashe a garin nan za ka ga gurdwara biyu ba nisa tsakaninsu, kowa ya san wace ce ta su wa. Dangin Simran Jat ne, manoma masu ƙasa. Dangin Manjit kuwa Chamar ake ce musu, sana'arsu ta gado jima ce da aikin fata. Kakansa a masana'antar narka ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, mahaifinsa direban bas ne, shi kansa bai taɓa riƙe ɗanyar fata ba. Duk da haka daga ranar aka daina ɗaukar wayarsa.

Ka san abin da na yi da wannan labarin? Na kai shi majalisa. Bayan Juma'a muna tsaye da 'yan uwa Hausawa a gefen Stockport Road, na ba su labari ina girgiza kai, na ce alhamdulillahi mu Musulunci ya raba mu da wannan. Da bakina na faɗa, Sani. Wani dattijo Bakatsine ya dube ni ya ce, "Laifi tudu ne." Na yi dariya tare da kowa. Ban ɗauka da ni yake ba.

Bayan sati biyu Manjit ya roƙe ni in raka shi wani shagon shayi a lokacin hutun aiki. Yayan Simran ne, Amrik, zai zo daga Birmingham da saƙon gidansu, kuma Manjit ba ya son ya karɓi saƙon shi kaɗai. Na zauna a gefe. Amrik ya shigo, dogo, mai ladabi, ya ƙi cire kwat ɗinsa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Makullin mota yake ta juyawa a kan tebur, idonsa a kan makullin. Can ya ce, "Ni ba ni da matsala da kai, ka sani. Amma ka san manya."

Da Turanci ya faɗa, amma da Hausa na ji, kuma da muryata.

Ka tuna, ko? Ni na yi shekaru ina ƙoƙarin kada in tuna. Benci ɗaya muka zauna tun aji uku har muka shiga jami'a. A gidanmu kake buɗa-baki rabin azumi, Inna tana ajiye maka kunun tsamiya a kofin da ba mai taɓawa. Kai ka koya wa ƙanwata Hajara lissafi har ta ci jarrabawa, kuma lokacin da tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi ka turo manyanka. Da ta ji sallamarsu sai da tire ya suɓuce mata. Baba kuwa ranar murmushi kawai yake. Washegari Kawu Sule ya zo, ya zauna a zaure tun hantsi har azahar. Ta taga na ji shi yana cewa, "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe." Ya ce gidan malamai ne mu, wa zai ji an ce jikar Liman tana majema.

Baba ya kasa fuskantar Malam Idi. Ni aka kira cikin zauren aka aika, wai ni abokinka ne, zai fi sauƙi daga bakina.

Na same ka kana taya mahaifinka shanya fatu, jajaye da rawaya a jere a kan igiya, warin bagaruwa ya cika wurin. Da ka hango ni ka je ka wanke hannu sau biyu kafin ka miƙo mini. Ban sauka daga kan babur ba. Makullin nake murzawa har na gama faɗin abin da aka aiko ni. Ka kalli ƙasa, sannan ka ce, "Na gode da ka zo da kanka." Ina shirin juyawa mahaifinka ya fito daga ciki, bai san abin da ya kawo ni ba, ya miƙo mini buzu sabo fil da ya jeme da hannunsa, ya ce in kai wa Malam ya riƙa salla. Na karɓa, Sani. Na ɗaure a bayan babur na tafi. Baba ya yi salla a kai har ya rasu.

Daga nan ban sake zuwa ba. Kai ma ba ka zo ba. Na ce wa kaina ai ni ɗan aike ne, ɗan aike ba shi da laifi. Gurbin karatu ya fito, na taho Ingila, na bar abin a baya, ko haka na zata.

Bari in ƙarasa maka labarin su Manjit. Simran ba ta janye ba. Ta je gida sau uku, ta kai wa mahaifinta maganar littafinsu da ya koya mata tun tana ƙarama, cewa ba a tambayar asalin mutum a gaban Ubangiji. Ya ce mata addini daban, aure daban. Ya ce in ta yi haka ba mai sake neman 'ya'yan ƙannensa, kuma shi ba zai iya ɗaga kai a gurdwararsu ba. Na yarda tsoronsa na gaskiya ne, irin wanda na gani a fuskar Baba. Ta dawo Manchester ta rame, tana zuwa makaranta tana dawowa, har wata rana ta ce a sa rana.

A gurdwarar dangin Manjit aka ɗaura, ranar Asabar da safe. Na bi mota tun daga Manchester cikin ruwan sama. Gefen ango ya cika har ƙofa. Gefen amarya kuwa malaman makarantarsu ne su shida, da wata gwaggonta guda ɗaya da ta zauna can baya ta ja gyale har hanci.

A al'adarsu ango yana rataya wani dogon gyale a kafaɗa. Uban amarya ne ke ɗaukar bakin gyalen ya sa a hannun 'yarsa, sannan su biyun su kewaya littafinsu sau huɗu, shi ke nan aure ya ɗauru. Da aka zo wurin, mai karatu ya dakata. Kowa ya san uban ba ya nan. Wani kawun Manjit ya fara yunƙurin tashi don ya rufe gurbin. Simran ba ta ɗago ba, hannunta a buɗe a kan cinyarta.

Sai ga Amrik ya shigo, jiƙe, da kayan aiki na shagon mahaifinsa a jikinsa, ya ɗaura wa kansa ɗan ƙyallen aro da ake ajiyewa a bakin ƙofa don baƙi. Ya ratsa tsakiyar mutanen da aka aiko shi ya ce musu ba su kai ba, ya durƙusa, ya ɗauki bakin gyalen. Sai da ya suɓuce masa sau ɗaya. Ya sa a tafin ƙanwarsa ya naɗe yatsunta a kai da nasa hannun.

Da aka sauka cin abinci, Allah ya zaunar da shi kusa da ni a layi. Ya gane ni. Ya ce, "Babana ya ce in na zo nan kada in koma shago." Ya gutsuri gurasa ya riƙe bai ci ba. Ya ce, "Na kai saƙon da aka aike ni, amma tun ranar ban iya kallonta ba." Na tura masa kofin ruwa.

Kada ka ɗauka komai ya daidaita. Har yau tsohon bai yi magana da 'yarsa ba, bai yi da ɗansa ba. Amrik yana aikin kai kaya a wani kamfani, yana zaune a gidan hayar abokinsa. Uwarsu tana kiran Simran daga wurin ajiye motoci in ta fita cefane, minti biyar ta kashe. Manjit ya dawo aiki da zobe a hannu, wani lokaci yana dariya, wani lokaci in same shi ya tsaya da kwalin magani yana kallon bango.

Sati ɗaya bayan bikin na kira Hajara. Tana lafiya. 'Ya'yanta huɗu, mijinta mutumin kirki ne daga gidan da Kawu Sule ya yarda da shi, kuma ba zan yi mata ƙarya in ce tana cikin baƙin ciki ba. Ta ba ni izini in rubuta wannan. Muka gaisa, muka yi maganar makarantar yara, sannan na ambaci sunanka, karo na farko tun wancan lokacin. Sai ta ce, "Yaya, sai yanzu ka tuna?" Na ce ai ni aika ta aka yi. Ta ce, "Baba ba ya so. Jira yake wani ya ce a'a ya fake da shi. Kai ya yi ta kallo a zauren nan, ka sunkuyar da kai."

Wannan maganar ce ta hana ni zama. Ina ba marasa lafiya magani ina jin ta, ina salla ina jin ta. Duk shekarun nan na ɗauka ba ni da iko a kan komai, ashe kalma ɗaya ake jira daga gare ni, ni kuwa na ji tsoron Kawu ya ce ba ni da kunya.

Ba na roƙon a dawo da abin da ya wuce. Kowa ya bi inda Allah ya rubuta masa, na yi imani da haka. Amma rubutun Allah bai wanke ni ba. Na ci tuwon gidanku ba sau ɗaya ba, mahaifiyarka ta yi jinyata lokacin da na karye a ƙwallo, sannan na tsaya a kan babur na ce maka hannun da ya ciyar da ni bai isa ya haɗa jini da mu ba. Ba wanda ya fi mahaifinka tsoron Allah a cikin duk waɗanda na sani, har da na gidanmu.

Sani, ɗan'uwana, ka yafe mini. In ba za ka iya ba, ka sa a gaya mini haka, na fi son in ji daga gare ka ko da ta bakin wani ne. In kuma ka ga shiru ya fi, na karɓa, haƙƙinka ne.

Allah ya sa kana cikin alheri inda duk kake. Allah ya ba ka wadda ta san darajarka, ya raya zuriyarka, ya sa kada wata rana a tsayar da ɗanka a ƙofar wani gida ana tambayar sana'ar kakansa. Allah ya sassauta zuciyar mahaifin Simran tun yana da sauran kwana. Allah ya gafarta wa Baba, ya gafarta wa Kawu Sule, ya gafarta mini. Amin.

Naka, in har yanzu ka yarda,
Bashir
Longsight, Manchester