Tabon da ke Cikin Mama

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Medhat ya bar sigari, ko har yanzu laɓewa yake yi a saman bene? Ni ƙalau nake a Sharja, sai kewar miyarki ta mulukiyya.

Kin tambayi aikina. Likita ya yi tiyata ya rubuta bayani, ni kuma in mayar da bayanin lambobi saboda kamfanin inshora. A yanke gefen ƙoda lamba daban, a cire ta ɗungurungum lamba daban. Shugabarmu Madam Sawsan kullum cewa take, "Ban da zato, 'yan mata! Abin da ba ku sani ba ku tambaya."

To, ga ni ina tambaya. Tabon nan na cikinki, in na taɓa ina yarinya sai ki ce, "Ciwon mata ne, tashi ki ba ni wuri." Me suka cire, Mama? Duka ko gefe?

Kada hankalinki ya tashi. Ɗan ƙullutu aka gani a marata, likita ta tambaya ko an taɓa yin irinsa a gidanmu. Na san tiyatar baƙi dubu, ta uwata ban sani ba.

Allah ya ƙara miki lafiya. Wannan karon kada ki kore ni, ki ba ni amsa.

'Yarki,
Rawya