Saniyar Holan da Tozo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Nan Alƙahira lafiya lau.

Yaya, wani abu na cina. Wata Baturiyar Holan ta kawo tsohon zanen fenti shagonmu na unguwar Dokki: manomi da matarsa suna tatsar saniya, kaji na kiwo a gefe. Ta ce mu kwaikwaya, ni da Usman ɗan Sudan, wanda ni na koya masa riƙe buroshi. Sati uku na yi a kai. Da ta dawo, ta dubi nawa ta yi dariya, wai na yi wa saniyar tozo. Shanun Baba ne suka bi hannuna. Ta zaɓi na Usman, har za ta kai shi makarantar zane a ƙasarsu.

Ya dafa ni ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa." Na taya shi murna da baki, amma wallahi tun ranar na kasa cin abinci da shi. Mutumin da bai taɓa tatsar saniya ba!

Ki roƙa mini Allah ya wanke zuciyata kafin ranar rakiyarsa. A gaida Inna da maigidanki.

Ƙaninki,
Sabi'u