Na Ari Lambar Baba Ticha, An Ɗora wa Ɗansa Sata

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda ya zo da dutsen jifa ya riƙe abinsa tukuna sai ya ji ƙarshe. Ban ce ni waliyyiya ce ba, amma har gobe ban yarda ni ɓarauniya ce ba.

Ni mai buga takardu ce a wani ofishi a Tarauni. Da soja suka koma bariki farar hula suka hau, aka shiga rabon romon dimokuraɗiyya, mu namu romon sabuwar kwamfuta ce. Aka ɗauke tsohuwar da hannuna ya saba da ita, aka dasa mini wata mai ƙyalli, da sabon tsari da sabuwar manhajar rubutu, kowanne da lasisinsa. Oga ya tara mu ya ce duk wanda ya cusa mata wani faifai daga waje, to a bakin aikinsa. Madalla. Sai dai amaryar nan ba ta san ƙugiya ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, su ƙ da ɗ da ɓ, a tsohuwar manhaja muke samun su da wata 'yar dabara da aka haɗa mata, a sabuwar kuwa sai su fito akwati-akwati. Na kai wa oga kuka, ya ce in daina tsirfa in buga su a miƙe, kowa zai gane. Aka buga katin taro, ga shi ɓaro-ɓaro: "Muna maraba da manyan baki." Mai gabatarwa ya karanta shi yadda yake a lasifika, zaure ya kece da dariya, oga ya juyo a gaban jama'a ya ce, "Ke wai a ina kika yi makaranta?" Ni da na faɗa masa tun farko? Ranar ban iya cin abinci ba don takaici.

A gidan da muke haya a Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, tsohon malamin makaranta, muna ce masa Baba Ticha. Tun da matarsa ta rasu yake zaune yana buga waƙoƙin coci da take rerawa da Hausa, yana so ya haɗa ɗan littafi a raba ranar tunawa da ita. Mutum ne mai bin ƙa'ida, faifan tsohuwar manhajarsa na asali ne, a cikin kwalinsa, da lambar lasisi manne a jiki. Na ce, "Baba, ara mini faifan nan in duba wani abu." Ya ce, "Ɗauki mana, 'yata, ai na gida ne." Na kai ofis na yi ta fama har tsohuwar manhajar ta zauna a kan sabon tsari, ta nemi lamba, na ba ta ta Baba. Washegari na mayar masa da kayansa ko ƙwarzane babu. Ku faɗa mini, me na ɗauka? Tun muna yara ake aron turmi, a daka a mayar. Wa ya taɓa jin turmi ya ce tunda ya daka a maƙwabta ba zai ƙara daka a gidansu ba?

Ashe wannan turmin haka yake. Kwamfutar Baba ta sami matsala, ɗansa, in kira shi Ishaya, ma'aikacin jinya ne, ya kai ta gyara. Aka goge komai aka sake ɗorawa, da aka shigar da lambar sai aka ce tana kan wata kwamfutar. Yanzu Baba sai dai ya buɗe waƙoƙin ya kalla, ba dama ya ƙara ko harafi, ba dama ya fitar a takarda. Mai gyara ya ce masa, "Baba, an sace maka lamba." Da ma Ishaya ya taɓa roƙonsa ya ba wani abokin aikinsa lambar, ya hana. Shi ke nan, Baba ya yanke hukunci cewa Ishaya ne ya sace ta. Ina jin su ta bango, Ishaya yana rantsuwa, har ya ambace ni ya ce, "Baba, ba Anti ma ta taɓa ara ba?" Baba ya ce, "Kada ka shafa wa 'yar mutane kashin kaji. Ita da ke da sabuwa dal a ofis, me za ta yi da tsohuwa? Waƙoƙin uwarka ka sayar." Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwarsa, abincin da matar Ishaya ke kawowa ma a rufe yake komawa.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, in na haɗu da Ishaya a ƙofar gida nakan rasa inda zan sa idona. Amma a yi maganar gaskiya, ni kaɗai ce mai laifi? Waɗanda suka ƙera na'urar da ba ta san bakinmu ba fa? Wa ya karanta mini dogon Turancin da suka rubuta da ƙananan haruffa kafin a danna amincewa? Da oga ya saurare ni, da na je aro? Aikina na gyara, kuma tun daga lokacin ba a ƙara yi wa ofishinmu dariya ba, shi kansa oga har yabo yake karɓa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya Baba ya yi sallama a ƙofata da tsohon kwafin waƙoƙin da ya taɓa fitarwa a takarda a hannu. Ya ce, "'Yata, an ce duk Tarauni kwamfutarki ce ke fitar da ƙugiya daidai. Taimaka ki ƙarasa mini aikin Mama." Sannan ya nuna mini shafin godiya, inda da can ya sa sunan Ishaya. Ya ce in goge, in sa nawa.

In na faɗa masa, na san halinsa, har ofis zai taka ya nemi a sakar masa lambarsa, oga ya ji, aikina ya tafi. In na yi shiru, littafin uwar Ishaya zai fito da sunana a gurbin nasa, an buga shi da lambar da ake cewa shi ya sace. Waƙoƙin suna cikin jakata, Baba yana jiran amsa.

Jama'a, me zan yi?