Wanda Zai Wanke Malam

Kabara, Kano.
Litinin, 3 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya sanyin Jos, ya baƙunta? Mu nan lafiya, sai dai jikin Malam, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare, amma wanda ya cire layinsa ya yar ai shi ya mayar da mu zamanin da. Abokinka Tanko, direban da ke ɗauko dankali daga can, ya rantse mini har sau uku bai san inda kake ba. A rantsuwa ta uku na gane ya sani, shi zan ba takardar.

Malam ya faɗi a soro ranar Larabar da ta wuce, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mun yi kwana huɗu a asibiti, suka sallame mu da magunguna da irin kallon nan na likita idan ba ya son faɗin gaskiya. Yanzu yana gida Yakasai, ni da ƙanwarsa Gwaggo Kulu muke jinya.

Na san abin da za ka ce. Shi ya ce kada ka ƙara taka masa soro muddin kana fitowa a talabijin a matsayin wanda ba ya mutuwa. Amma ka yi masa uzuri. Mahaifinmu ya shekara arba'in yana wanke mamatan Yakasai, sai a wayi gari ɗansa shi ne Sufeto Ilu, ɗan sandan cikin da ke raye tun ana gina ganuwa, a harbe shi wannan Juma'ar ya tashi wata Juma'ar ya kamo wanda ya harbe shi. Ka san mutanenmu. Mai shayin bakin layi cewa yake jinin shirin naku zoɓo ne. Telan kusa da masallaci cewa yake mutum ya shekara ɗari biyar yana aiki amma har yau Sufeto, ai gara ya mutu. 'Yan mata kuma hularka kawai suke kallo. Waɗannan duk dariya ce. Masu cewa saɓo ne su suka yi nauyi, kuma a kunnen Malam suke sauke nauyin bayan kowace jana'iza.

Ga abin da ba ka sani ba. Kashi bakwai ɗin da aka nuna kafin a dakatar da shirin, duk ya kalla a wayar Gwaggo Kulu, ƙofa a rufe. Na bakwai shi ne ya tsaya masa a rai, inda aka sa ka a likkafani aka rufe ka, shirin ya ƙare ba a nuna tashinka ba. Gwaggo ta ce bai yi maganar saɓo ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi ƙullin kan ba daidai ba ne, kuma kai ka san daidai, don me ka kwanta ka bari jahilai suka ɗaure ka haka.

Jiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Wa zai wanke ni?"

Mikail, kai kaɗai ya koya wa. Ni mace ce, ba ni da hurumi. Ka san ba a jiran kowa da gawa, in ka tsaya sai an kira ka, makara za ka tarar ta dawo wayam. Don girman Allah ka taho tun yana numfashi.

Gwaggo tana gaishe ka, 'yata Ikram ma haka.

Yayarka,
Shamsiyya.

Yakasai, Kano.
Litinin, 10 ga Yuli.

Ƙanena Mikail,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Jikin Malam kullum baya yake yi. Ya daina karɓar kunu, sai ruwa a cokali.

Tanko ya dawo hannu biyu. Ya ce ka karanta takardar sau biyu ka sa a aljihu, ka ce masa ba maganar Malam ce ta kore ka ba, uba ya yi faɗa ya huce. Matar nan ce ta rediyo, wadda ta aika saƙon murya shirin ra'ayin masu kallo ta ce ita wata baiwar Allah ce daga cikin birni. Wadda ta ce ɗan mai wankan gawa ya tashi a kan kuɗin likkafani ya zo yana yi wa mutuwa izgili, kuma duk ranar da ya mutu kada kowa ya bi gawarsa tunda ya ce ba ya buƙata. Ka ce daga ranar saƙon ya bi wayoyi, masu talla suka janye, gidan talabijin ya rufe shirin, ka shiga masallaci sahu ya tsage a gefenka. Ka ce ba za ka iya wanke kowa a garin da aka yi maka wannan ba.

Tun jiya nake yaga takarda. To ga shi nan, ni ce.

Ni na aika. Na sa gefen mayafi a bakina don murya ta canja. An yi suna a dangin maigidana, ina shiga matan suka ce ga yayar wanda ba ya mutuwa, a ba ta kujera ta zauna shekara dubu. A islamiyyar da nake koyarwa an cire yara biyar daga ajina. Na dawo gida raina a ɓace, ka san bakina, na yi magana ta minti biyu. Wallahi na ɗauka za a saurara a wuce kamar na kowa. Ban san zan iya magana haka ba sai da na ji ta a bakin mai adaidaita sahu, yana maimaita mini ita yana cewa Allah ya yi wa matar nan albarka. Na biya shi na sauka tun ban kai gida ba.

Na yi wata huɗu ina ɗauka asirina a rufe yake. Shekaranjiya da hantsi hankalin Malam ya dawo sarai, ya sa Gwaggo ta fita, ya dube ni da ido ɗaya ya ce, "Na san muryar 'yata ko da an toshe ta da bargo. Ke kika binne shi, ke za ki tono shi."



Ban ce ka yafe mini ba. Ka zo ka wuce ni kamar ba ka san ni ba, in ka ce in bar gidan kafin ka shigo zan bari. Amma kada ka rama a kansa, bai yi maka komai ba sai faɗan uba. Ya sa an sauko da akwatinsa, ya nuna wa Gwaggo yadin da ya yanka wa kansa tun bara, da ganyen magarya da kafur. Ya hana kowa taɓawa, wai mai shi yana hanya.

Ka taho, Mikail. Na rasa yadda zan ƙara faɗa.

Yayarka mai laifi,
Shamsiyya.

Yakasai.
Litinin, 17 ga Yuli.

Mikail,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Tanko ya ce wannan karon kana gama karantawa ka tashi ka bar masa shayinka. Na cancanci haka. Malam ya daina magana, amma duk wanda ya yi sallama a soro sai ya juya kai. Da ka ga yadda yake mayar da kan. Na karɓi lambar Tanko, ya yi alkawarin zama a Jos wannan satin ko lodi ya cika. Ina roƙonka kada ka yi nisa da shi.

Taka,
Shamsiyya.

Kabara, Kano.
Talata, 25 ga Yuli.

Ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum. Ya hanya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ka ladan abin da ka yi.

Ka tafi washegarin sadakar uku ba ka dube ni ba, kuma ban yi ƙorafi ba, ni na ce ka yi haka. Amma akwai abin da ya faru kafin isowarka da nake so ka sani.

Ya cika ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe. Na kira Tanko, ya ce ya faɗa maka, ka shiga ɗaki ka rufe, bai san ko za ka fito ba. Kafin sha ɗaya an haƙa kabari a Ɗan Agundi, dattawan unguwa sun sa jana'iza bayan azahar, an samo wanda zai yi wankan. Na tashi na zauna a bakin ƙofar ɗakin Malam na ce ba mai shiga sai la'asar. Aka aiko Gwaggo, aka aiko maigidana, liman da kansa ya yi magana daga soro cewa jinkirta gawa ba kyau. Na ce na sani, a aji nake koyar da shi. Ina jin mata a tsakar gida suna cewa 'ya'yan gidan nan duk da sauransu, ana jiran ɗan wasan da ko sallarsa ba a tabbatar ba. Sai na miƙe na ce musu muryar da suke yawo da ita a wayoyinsu tawa ce, kuma ƙarya na yi, ƙanena bai taɓa yi wa mutuwa izgili ba, tun yana shekara goma sha biyu yake riƙe wa Malam buta. Yanzu ni ake yi da ni a cikin birni. An ce in huta da zuwa islamiyya zuwa wani lokaci, kuma ban damu ba.

Awa biyar na yi a wurin ban san ko kana hanya ba, wayar Tanko ba ta shiga. Da na ji sallamarka a soro ban tashi daga bakin ƙofar ba, shi ya sa ka same ni a ƙasa ka tsallake ni.

Gwaggo ta leƙa bayan ka gama. Ta ce ƙulli uku, kowanne a inda Malam yake sa shi, kamar da hannunsa. Telan nan ma an ce ya bi makara yana share ido.

Abu ɗaya ya rage. Ban tashi daga bakin ƙofar ba lokacin da kake wankan, kuma na ji ka. Bayan addu'o'in, na ji ka yi ƙasa da murya kana ba shi labari. Na ji ka ce, "Malam, a kashi na takwas," sai ƙarar ruwa ta rufe sauran.

Ni na hana mutanen Kano ji, don haka ba ni da bakin tambaya. Amma tun ranar da aka rufe shirin ba na iya tuna ka sai a cikin likkafanin nan mai karkataccen ƙulli. Ba sai ka gaishe ni ba, ba sai ka sa hannu ba. Tanko zai taso ranar Asabar, ka ba shi ko layi ɗaya ne.

Sufeton ya tashi?

Ikram tana gaishe da kawunta. Na bar ɗakin soro a share, makullin yana wurin Gwaggo.

Yayarka har kullum,
Shamsiyya.