Katin Baba a Hannun Masu Tantancewa

Yaya Altagracia,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau a Tampa, aikin ne dai ya ɗan ja baya.

Tsohon katin nan mai hoton ɗan wasan ƙwallon besbol da Baba ya bari, na aika wa kamfanin da ke tantance darajarsa. Ranar da ya isa suka cire kuɗinsu daga katin bashina na banki. Wata biyar ke nan ba su duba shi ba. Na kira, wata ma'aikaciyarsu ta ce, "Kana kan layin jira." Na ce, "Kuɗina ya bi layin?"

Raina bai kwanta ba. Tambayi Mama a wane gefen katin tabon gahawar Baba yake. In suka dawo da katin fes, ba namu ba ne.

Ƙaninki,
Wilkin